MAKUWA A SARARIN SAMA: ABIN DA KE KA DA ƘARAMIN JIRGI LOKACIN SAUKAR DARE



Duk sa'ad da aka ji labarin jirgin sama ya faɗi, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne inji ya mutu, ko mai ya ƙare, ko kuwa wasu maƙiya ne suka ƙulla maƙarƙashiya. Waɗannan duka suna aukuwa. Amma akwai wani sanadi wanda ya daɗe yana cin rayukan matuƙan ƙananan jirage, mutane kuwa ba su cika saninsa ba, domin ba ya barin alama a jikin ƙarfe. Jirgi lafiya lau, inji yana aiki, akwai mai cikin tanki, matuƙi yana cikin hankalinsa, amma duk da haka ya soka jirgin ƙasa da hannunsa, yana tsammani a miƙe yake tafiya. Bahaushe yana da sunan abin da ya yi kama da wannan, watau makuwa, irin wadda takan kama mafarauci ko matafiyi cikin daji, har ya rantse gabas ce yamma. Bambancin kawai shi ne, wanda ya yi makuwa a daji ƙafarsa tana bisa ƙasa, yana iya zama gindin itace ya jira gari ya waye. Wanda ya yi makuwa a sama ba gabas da yamma kaɗai ke ɓace masa ba, har sama da ƙasa, kuma ba shi da wurin zama.

Domin a ga yadda abin yake, za a bi labarin wani hatsari guda da ya auku a ƙasar Amurka ran Jumma'a 16 ga watan Yuli na shekarar 1999. An zaɓe shi ne don an bincike shi ƙwarai da gaske, kuma an buga sakamakon binciken kowa ya gani.

MUTANEN DA JIRGINSU

Matuƙin shi ne John F. Kennedy ƙarami, ɗan shugaban Amurka wanda aka harbe a birnin Dallas cikin 1963. Tsofaffi za su tuna da hoton yaron nan ɗan shekara 3 da ya sara wa akwatin gawar ubansa ranar jana'iza. To, shi ne. A 1999 yana da shekara 38, ya karanta aikin lauya, yana kuma buga wata mujalla mai suna George a birnin Niyok. Tare da shi cikin jirgin akwai matarsa Carolyn, 'yar shekara 33, da yayarta Lauren Bessette, 'yar shekara 34. Shirinsu shi ne su tashi daga wani ƙaramin filin jirgin sama na gundumar Essex a jihar New Jersey, su sauke Lauren a tsibirin Martha's Vineyard, tafiyar kusan mil 200, sa'an nan mijin da matar su zarce Hyannis, inda za a ɗaura auren 'yar ƙanen ubansa kashegari.

Jirgin nasa ne na kansa, ƙirar Piper Saratoga, mai inji ɗaya da kujera 6. Cikin watan Afrilu na shekarar ya saye shi, bayan ya yi zamani da wani ƙarami ƙirar Cessna wanda bai kai wannan gudu ba. Ba tsohon akwala ba ne, kuma yana da na'urori na zamani.

Shi kansa matuƙin ba a ce masa ɗan koyo, ba a kuma ce masa gwani. Ya sami takardar shaidar tuƙi cikin watan Afrilu na 1998. Masu bincike sun ƙiyasta ya yi awa 310 a sama, daga ciki awa 55 da dare, amma mafi yawan wannan lokaci akwai malamin tuƙi zaune kusa da shi. A cikin sabon jirgin nan kuwa awa 36 ya yi, wajen awa 3 kaɗai ba tare da malami ba, kuma abin da ya yi da dare shi kaɗai bai cika awa guda ba. Hanyar ba baƙuwa ba ce gare shi, gama ya bi ta sau da yawa, har da dare. Wataƙila ma wannan sabo ne ya ba shi ƙarfin zuciya.

Akwai kuma maganar ƙafa. Makonni 6 kafin wannan rana ya karye a idon sawu, garin wasan tashi da wata irin laima. Ana gobe tafiya aka kwance masa ɗorin, kuma waɗanda suka gan shi a filin jirgi sun ce da sanduna yake dogarawa. Hukumar bincike ba ta lissafa ƙafar cikin musabbaban hatsarin ba, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora mata abin da ba a tabbatar ba. Abin da aka tabbatar shi ne, wani malamin tuƙi ya nemi ya raka shi a wannan tafiya, shi kuwa ya amsa masa cewa yana so ya yi ta shi kaɗai.

TUƘI IRI BIYU

Kafin a ci gaba, ya kamata a san cewa tuƙin jirgin sama iri biyu ne a doka, kuma bambancinsu shi ne gindin wannan magana duka.

Na farko shi ne tuƙi da ido. A nan matuƙi yana duban waje, yana ganin layin nan da sama ta haɗu da ƙasa can nesa, watau mahaɗar sama da ƙasa. Da wannan layi yake auna jirginsa. In layin ya karkace a gilashin gabansa, ya san fiffike ɗaya ya yi ƙasa. In layin ya hau sama, ya san hancin jirgi ya sunkuya. Ba ya ma bukatar tunani, ido ne ke yin aikin, kamar yadda mai keke ba ya lissafi kafin ya daidaita kansa.

Na biyu shi ne tuƙi da na'ura. A nan ko da an liƙe tagogi duka da baƙin ƙyalle, matuƙi zai kai jirgi inda za shi, ta wurin karanta agogunan da ke gabansa: wanda ke nuna kwanciyar jirgi ko karkatarsa, da ma'aunin nisa daga ƙasa, da ma'aunin gudu, da mai nuna alƙibla. Agogon kwanciyar jirgi yana da wata ƙaramar ƙafa a ciki mai juyawa da tsananin sauri, wadda ba ta yarda ta karkace, kamar dai katantanwar da yara ke murzawa, wadda muddin tana juyi tana tsaye cir. Wani hafsan Amurka, Jimmy Doolittle, shi ya fara tashi ya kewaya ya sauka da na'ura zalla, ran 24 ga Satumba 1929. Wannan tuƙi yana da takardar shaida tasa dabam, da jarrabawa tasa dabam, kuma wuyarsa ba ta karanta agogo ba ce, ta yarda da shi ce sa'ad da jikin mutum yake gaya masa wani abu dabam.

Kennedy yana da takardar farko, ba shi da ta biyu. Ya ci jarrabawar rubutu, ya kuma yi darasi 12 daga cikin 25 na kwas ɗin, watau ya kai rabi. Dokar Amurka ta yarda mai takardar farko ya tashi da dare muddin ana iya hangen mil 3. Saboda haka bai karya doka ba da ya tashi. Sai dai labarin yanayi yana auna abin da ake hangowa daga ƙasa, inda akwai fitilu. Ba ya auna abin da matuƙi zai gani a tsakiyar teku.

YADDA DARE YA RISKE SU

Da rana aka shirya tafiyar. Niyyarsu su tashi wajen ƙarfe 6 na yamma, lokacin da a can, cikin watan Yuli, akwai sauran fiye da awa biyu kafin rana ta faɗi. Da an yi haka, da sun sauka ido na ganin ido. Amma aikin ofis da cunkoson motocin yammacin Jumma'a a Niyok suka cinye lokacin. Wajen ƙarfe 6 da rabi ya duba labarin yanayi, ya ga babu hadari, babu ruwa, sama garau a tsibirin. Jirgin bai bar ƙasa ba sai ƙarfe 8 da minti 38, bayan rana ta faɗi. Labarin yanayin da ke hannunsa ya riga ya kwana biyu, in ji masu iya magana, ko da yake awa biyu ne.

Ranar an yi zafi mai gumi, kuma hazo ya lulluɓe gaɓar teku. Wata jinjiri ne, ya yi ƙasa can yamma, a bayan jirgin. Waɗansu matuƙa da suka bi wannan yanki a daren sun shaida wa masu bincike cewa a bisa ruwa ba su ga mahaɗar sama da ƙasa ba ko kaɗan. Akwai ma wanda ya fasa tafiyarsa daga wannan filin na Essex saboda bai gamsu da hazon ba.

Da farko babu wata wahala. Jirgin ya hau zuwa ƙafa 5,500, ya bi gaɓar jihar Connecticut, inda garuruwa ke jere da fitilunsu kamar tsakiya a zare. Fitilun nan sun tsaya masa a madadin mahaɗar sama da ƙasa. Da ya wuce wani ƙoƙon ƙasa da ake kira Point Judith sai gaɓa ta ƙare, ya shiga bisa ruwa zalla, fiye da mil 30 kafin tsibirin. Sama baƙa, ruwa baƙi, hazo ya haɗe su. Tun da ya bar hasumiyar filin Essex bai sake magana da ma'aikatan kula da zirga-zirgar jirage ba, bai kuwa ajiye takardar tsarin tafiya ba. Doka ba ta tilasta masa ko ɗaya ba, amma ma'anarsa ita ce babu mai lura da shi, babu muryar da za ta ce masa ya kauce hanya.

Abin da ya faru bayan haka na'urar rada ce ta rubuta shi, ita da ke hango jirage daga ƙasa. Saura mil 34 ya isa, sai ya fara sauka sannu a hankali, yadda ya kamata. Wajen ƙarfe 9 da minti 38 jirgin ya karkata dama, alhali filin yana gaba sosai. A ƙafa 2,200 ya daina sauka, ya koma hawa. Ya ɗan daidaita na kamar minti guda, sa'an nan ya karkata hagu, ya kai ƙafa 2,600, ya sake gangarowa. Ya daidaita fukafukai na 'yan daƙiƙu. Daga nan ya sake karkata dama, wannan karon kuwa karkatar ta yi ta ƙaruwa, hanci ya yi ta sunkuyawa, gudu ya yi ta hawa. Ganin ƙarshe da rada ta yi masa yana ƙafa 1,100, yana faɗowa da saurin da ya wuce ƙafa 4,700 a minti guda. Wanda ya yi lissafi zai ga abin da ya rage masa bai kai daƙiƙa 15 ba. Wajen ƙarfe 9 da minti 41 ya soki teku, mil 7 da rabi daga kusurwar tsibirin. Bai yi kiran neman taimako ba.

Sai bayan ƙarfe 2 na dare aka tashi nema gadan-gadan. Kashegari igiyar ruwa ta fara turo kayansu bakin gaɓa. Ran 21 ga wata masu nutso na sojan ruwa suka ɗauko gawarwakin uku daga zurfin ƙafa 120, likitoci kuma suka tabbatar nan take suka mutu.

KUNNE MAI YAUDARA

Tambayar da kowane mai hankali zai yi ita ce, ta yaya mutum zai kasance cikin jirgin da ya kwanta a gefe yana wulwulowa ƙasa, amma bai ji a jikinsa ba? Ai ko cikin mota aka sha kwana, wanda ya rufe ido ya sani.

Amsar tana cikin kunne. Can ciki, bayan inda ake jin sauti, akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa a kowane kunne, cike da ruwa, da 'yan gashi ƙanana a gindinsu. In mutum ya juya kansa, ƙashi ya juya, ruwan kuwa ya ɗan yi nawa, sai ya tanƙwara gashin, gashin ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa ana juyawa. Wannan halitta ta dace da mai tafiya a ƙasa, wanda juyinsa gajere ne, na farat ɗaya. Amma tana da rauni biyu. Na ɗaya, in juyin ya zo a hankali ƙwarai, ƙasa da kamar digiri 2 a daƙiƙa, ruwan yakan bi ƙashin tare, gashin bai motsa ba, ƙwaƙwalwa ba ta sami labari ba. Jirgi kuwa in an sake shi, haka yake karkata, sannu-sannu kamar inuwar la'asar. Na biyu, in juyin ya daɗe, kamar daƙiƙa 20, ruwan yakan cim ma ƙashin su tafi tare, sai mutum ya ji kamar an daina juyawa alhali ana kai.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya. In matuƙi ya lura da agogo ya daidaita fukafukai, ƙashi ya tsaya amma ruwa bai tsaya ba, sai jikinsa ya gaya masa da ƙarfi cewa yanzu ne ya karkata, zuwa ɗaya gefen. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san wannan: sa'ad da ka tsaya ne duniya take juyawa. To, matuƙin da bai ƙware ba sai ya mai da jirgin cikin karkatar da ya fito, domin a nan ne jikinsa ke jin daidai. Wanda ya dubi hanyar da rada ta zana a mintuna uku na ƙarshe, dama, hagu, daidaito kaɗan, sa'an nan dama kuma, zai ga kamar mutum ne ke kokawa tsakanin abin da agogo ya ce da abin da jikinsa ya ce.

Mazaunin mutum ma ba ya taimakonsa. Jirgi ba kamar mota yake shan kwana ba. Yana kwantawa ne cikin kwanar, yadda nauyin mutum zai ci gaba da danna kujera sak, ba ya jefa shi gefe. In an ajiye kofin ruwa a gaban matuƙi, ruwan zai zauna daidai da bakin kofin ko da fiffike ɗaya yana nuna ƙasa. Wani shahararren matuƙin Amurka, Bob Hoover, ya taɓa zuba shayi cikin kofi yana mirgina jirgi har ya kife ya komo, bai zubar ba. Abin nishaɗi ne a wurin wasa da rana, amma shi ne abin da ke kashe mutane da dare.

Sa'ad da jirgi ya kwanta a gefe, ƙarfin fukafukai da ke riƙe da shi a sama yakan koma jan sa cikin kwana, sai hanci ya faɗi. Matuƙi ya ji ƙarar iska ta ƙaru, ya ga allurar ma'aunin nisa tana warwarewa, sai ya yi abin da kowa zai yi, ya jawo sitiyari ƙirjinsa domin ya ɗaga hanci. Da jirgin a miƙe yake, da wannan ya cece shi. Amma da yake a kwance yake, jan sitiyari ƙara matse da'irar yake yi, kamar mai jan zarge a wuyansa. Matuƙa suna kiran wannan wulwulawar kabari. Maganinta a faɗe mai sauƙi ne: a rage wuta, a dubi agogon kwanciya a daidaita fukafukai tukuna, sa'an nan a ɗaga hanci a hankali. A aikace kuwa sai wanda aka horar har abin ya zama masa jiki.

Kada a ɗauka wannan raunin mutum guda ne. Cikin 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura ba. Aka hau da su sama tare da malami, aka tsare musu ganin waje. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, 19 daga ciki ta hanyar wannan wulwulawa. Da aka raba lokacin da suka iya riƙe shi, sai ya kama daƙiƙa 178, watau bai cika minti 3 ba. Wannan adadi har yau ana karantar da shi a makarantun tuƙi.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA SAMU

An ɗebo tarkacen jirgin daga ƙarƙashin teku aka shimfiɗa, aka duba inji da farfela da igiyoyin sarrafawa da agoguna. Ba a sami alamar wani abu ya lalace kafin faɗuwar ba, ba a sami alamar gobara ko fashewa ba, kuma inji yana aiki har lokacin da ya bugi ruwa. An auna jinin matuƙin, babu giya, babu ƙwaya. Cikin watan Yuli na shekarar 2000 hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta ba da hukuncinta: matuƙin ya kasa riƙe jirgin sa'ad da yake gangarowa bisa ruwa da dare saboda makuwa, hazo da duhun dare kuma su ne suka taimaka.

Mutane da yawa ba su so wannan amsa ba, don ta yi musu ƙanƙanta. Aka yi ta maganar baki da ke bin gidan Kennedy, ana lissafa wan ubansa da ya mutu cikin jirgin yaƙi a 1944, da gwaggonsa da ta mutu cikin ƙaramin jirgi a Faransa a 1948. Ba a musun ajali, amma ajali yana da sanadi, sanadin nan kuwa shi ne aikin mai bincike, domin shi ne ake iya gyarawa. In ma za a lissafa, wanda ya fi dacewa a tuna shi ne na ran 19 ga Yuni 1964, sa'ad da ƙaramin jirgin da ya ɗauko ƙanen ubansa, Sanata Edward Kennedy, ya faɗi cikin wata gonar itatuwa a jihar Massachusetts yana neman sauka da dare cikin hazo. Matuƙin da wani hadimin sanatan suka mutu, shi kuwa ya tsira da karaya a gadon baya. Abin da ya haɗa hatsarin biyu a bayyane yake: ƙaramin jirgi, dare, rashin gani, da wani taro da ake ɗokin isa.

Wannan ɗoki ba ƙaramin abu ba ne. Babu mataki guda cikin wannan rana da za a kira hauka. Jinkirin awa biyu ba laifi ba ne. Ƙin ɗaukar malami a hanyar da mutum ya saba ba laifi ba ne. Yanke ta bisa ruwa maimakon bin gaɓa, haka ake yi kullum. Amma kowane mataki ya rage masa abin dogara guda, har ya zamana a minti na ƙarshe ba shi da rana, ba shi da fitilun gari, ba shi da malami, ba shi da murya a rediyo, sai rabin kwas. Filayen jirgi masu fitilu suna nan jere a gaɓar da ya wuce, akwai a Bridgeport, akwai a New Haven, akwai a Groton. Sannu ba ta hana zuwa, amma mai ɗauke da matarsa da yayarta, ana jiransa wurin biki, ba ya son ya zama shi ne ya ce a kwana a hanya.

KO AN HANGO FILIN

Ya kamata a ƙara da cewa ko matuƙi ya hango fitilun titin sauka, dare bai gama da shi ba. In tsakaninsa da filin duhu ne zalla, kamar ruwa ko daji marar gari, ido yakan gaya masa ya yi sama da yawa, sai ya gangaro fiye da kima ya bugi ƙasa ko itatuwa kafin ya kai titin. Matuƙa suna ce da wannan baƙin rami. Wani masani na kamfanin Boeing, Conrad Kraft, ya nuna cikin shekarun 1960 cewa har tsofaffin matuƙan manyan jirage suna faɗa masa in an hana su duban ma'aunin nisa. Saboda wannan ne ake kafa wasu fitilu a gefen titin sauka, waɗanda ke nuna ja in jirgi ya yi ƙasa da yawa, fari in ya yi sama da yawa, gauraye in yana daidai. Har wa yau ido yana bukatar wajen minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuwa na daƙiƙa kaɗan ya isa ya ɓata wannan sabo.

A NAN GIDA

Mai sauraro zai iya cewa wannan labarin teku ne da Turawa. Amma hazo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Daga watan Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu takan rufe sama har a soke tashin manyan jirage a Kano da Kaduna da Maiduguri da Yola, kuma tana shafe mahaɗar sama da ƙasa da rana tsaka, balle da dare. Dajin da babu wutar lantarki kuwa, ga matuƙin da ke bisansa bayan magariba, ba shi da bambanci da teku.

Ran 25 ga Oktoba 2012 wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna Caravan ya taso daga Jalingo da yamma, ya faɗi kusa da Yola kafin ya kai ga sauka. Mai tuƙin shi ne gwamnan jihar Taraba na lokacin, Danbaba Suntai. Babu wanda ya mutu nan take, amma gwamnan ya sami mummunan rauni a ka, bai sake komawa daidai ba har ya rasu cikin 2017. Hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta ƙasa ba ta yanke cewa makuwa ce ta ka da shi ba, saboda haka ba za a faɗi abin da ba ta faɗa ba. Abin da rahotonta ya nuna shi ne, matuƙin ba shi da shaidar tuƙi da na'ura, kuma tafiyar da aka tsara a kan tuƙi da ido ta kai bayan faɗuwar rana.

Mafi yawan masu sauraro ba za su taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, amma waɗansu za su shiga ƙaramin jirgi na haya ko na wani babban mutum, waɗansu kuma su ne masu tsara wa manya tafiya. Irin waɗannan suna da hannu cikin abin da zai faru, domin sau da yawa fasinja ne ke jawo jinkirin, sa'an nan shi ne ke matsa wa matuƙi a tashi. Tafiyar da aka shirya ta rana, in ta zame ta koma ta dare, ta zama wata tafiya dabam, tilas a sake auna ta daga farko. Fasinja yana da ikon ya tambayi ƙarfe nawa za a sauka, ko filin da za a je yana da fitilun sauka masu aiki, ko matuƙin yana da shaidar tuƙi da na'ura, da kuma yaushe rabonsa da yin amfani da ita. In matuƙi ya dubi sama ya ce a bari sai da safe, abin da ya rage ga mai tsara tafiya shi ne ya nemi masauki, ya aika wa masu jira cewa sai gobe.